ABIN DA YA SA TARKACE YA KE KOMOWA GIDA

Ko kana saurarona ta rediyo, ko kuwa kana zaune a ɗakin magani kana jiran malamin asibiti ya kira ka ana karanta maka wannan takarda, ina roƙonka ka ba ni hankalinka kaɗan. Yau za mu yi magana a kan tarkacen gida, da abin da ya sa in an kwashe shi ba ya daɗewa sai ya komo.

Da fari bari mu rarrabe tsakanin shara da tarkace. Shara kowa ya san ba ta da amfani, a kan share ta a kai juji, ba mai gardama. Tarkace kuwa shi ne kayan da aka daina aiki da su, amma ba a yarda a rabu da su ba: kwanon da ya huje, tulun da ya fashe, tsummokara, buhun da ɓera ya cinye gindinsa, tsohuwar taya, gwangwanaye, kwalabe, ledoji, takalmi ƙafa ɗaya, galmar da ba ƙota, rediyon da ta mutu tun shekara biyar. In ka ɗauki ɗaya za ka yar, sai mai shi ya ce, "A'a, bar shi nan, wata rana zai yi amfani."

Ga yadda abin ya kan faru. Ana jibi Salla, ko gobe suna, ko kuwa an ji duba-gari zai shigo unguwa, sai gida ya tashi tsaye. A fitar da komai tsakar gida, a karkaɗe, a share, a ƙone na ƙonewa. Kafin la'asar ɗaki ya yi fes, kowa ya gaji amma rai ya yi fari. Uwargida ta ce daga yau an gama. Bayan wata biyu ka leƙa ƙarƙashin gado, ka duba bayan ƙyaure, ka zaga bayan ɗaki, sai ka tarar kamar ba a taɓa yin aikin ba. Daga nan sai zargi ya tashi. Maigida ya ce ƙazantar mata ce, uwargida ta ce ai rabin kayan nasa ne. Ƙarshenta kowa ya saduda, a ce sai wata Sallar.

To, abin da na ke so ka riƙe yau shi ne, babban gyara na rana ɗaya ba ya maganin tarkace. Komowarsa kuma ba ta nuna kai malalaci ne ko ke ƙazama ce. Akwai dalilan da su ke sa ya komo, in kuwa an san su, a kan iya tare shi tun yana ƙarami.

INA RUWAN LIKITA DA TARKACE?

Wataƙila wani ya ce, "Kayana ne, a ɗakina su ke, ina ruwan ma'aikatan lafiya?" Ruwanmu shi ne, tarkace ba ya zama shi kaɗai. Yana saukar da waɗansu baƙi, su ne kuwa su ke kawo ku wurinmu.

Na fari shi ne ɓera. Abu uku ɓera ya ke nema, abinci da ruwa da maɓoya, tarkace kuwa shi ne maɓoyarsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wani irin ɓera mai nonuwa da yawa wanda ya ke zama a gonaki, ya kuma shiga gidaje. Macensa ta kan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki guda, cikin kuwa ba ya cika wata ɗaya. Wannan ɓera shi ya ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Shi kansa ba ya ciwo, amma ƙwayar cutar tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan gari ko tuwon da aka bari a buɗe, ko ya yi fitsari a kwanon da ba a wanke ba, ko kuwa mutum ya shaƙi ƙurar da ta gauraya da busasshen kashinsa, ta nan cutar ta ke shiga.

A shekarar 1969 aka fara gane wannan cuta, a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno ta yanzu, sa'ad da ta kama wata ma'aikaciyar jinya. Ta fi tashi da rani. A 2023 da 2024 jihohin Ondo da Edo da Bauchi ne suka fi yawan masu ita a Nijeriya. Ta kan bayyana bayan mako 1 zuwa 3 da kamuwa. Cikin mutum 5 da suka kamu, kamar 4 ba su jin komai, ko kuwa ɗan zazzaɓi kawai. Amma na biyar ɗin ya kan sha wuya ƙwarai: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, amai, kumburin fuska, wani lokaci har zubar jini. Ta fi tsanani ga mace mai tsohon ciki. Cikin waɗanda suka warke, kamar 1 cikin 4 ya kan sami matsalar ji. Har yanzu ba ta da allurar rigakafin da a ke yi wa jama'a. Saboda haka duk zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro bai sauka ba, a koma asibiti da wuri, kada a zauna gida.

Na biyu shi ne sauro. Sauro iri-iri ne. Akwai wani baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda ya ke cizo da rana, tun ba da safe da yamma ba. Shi ya ke kawo ciwon shawara da zazzaɓin denge. Shi ba ya neman tafki ko kududdufi. Ɗan ruwan da ya kwanta cikin gwangwani, ko taya, ko kasko, ko sakaina, ko marfin kwalba, ya ishe shi. Macen ta kan manna ƙwayayenta a jikin abin, dab da bakin ruwa. Ko ruwan ya ƙafe, ƙwayayen su kan yi watanni ba su mutu ba, da ruwa ya sāke taɓa su sai su ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 ne zuwa 10. Ka riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa. Wannan sauro kuma ba ya tafiya nesa. In yana cizonka, mai yiwuwa ne a gidanka ko na maƙwabcinka aka haife shi. Ciwon shawara dai yana da allurar rigakafi, guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai, a kan yi wa yaro yana wata 9. A kai yara a yi musu.

Shi kuwa sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, a kududdufi da kwatami ya fi hayayyafa, ba a gwangwani ba. Amma in ya shigo ɗaki ya sha jini, sai ya nemi wuri mai duhu ya huta: bayan tufafin da aka rataye a igiya, ƙarƙashin gado, tsakanin buhuna. Kuma ɗakin da ya cushe da kaya, ɗaura gidan sauro a cikinsa aiki ne, balle a soke bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma yadda ya kamata.

Na uku, inda ɓera ya yi yawa maciji ya kan biyo shi. Tulin itace, da kara, da tsofaffin bulo, da langa-langar da aka jingine a bango, duka wuraren kwanciyar kububuwa da gamsheƙa da kunama ne. Saran maciji ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, har akwai asibiti musamman dominsa a Kaltungo ta Jihar Gombe. In ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a kai asibiti nan da nan.

Bayan waɗannan akwai haɗarin da ke kan yara da tsofaffi. Yaro mai rarrafe duk abin da ya samu baki ya ke kaiwa: tsofaffin ƙwayoyin magani, kananzir da aka zuba a kwalbar lemo, ragowar maganin ƙwari. Ƙusa da bakin gwangwani su kan yanki ƙafa, ƙasa ta shiga raunin, ta nan ciwon nan mai sarƙe haƙora ya ke samun hanya. Tsoho ya tashi da dare zai zaga, ya yi tuntuɓe da kaya, ya karye. Ƙura da kyankyaso su kan tayar wa mai fuka da ciwonsa. Da hunturu kuwa, jarkar fetur da tsummokara da ledoji a ɗaki ɗaya da kaskon wuta, gobara ke nan tana jiran lokacinta. In ƙofa ta cushe da kaya, ta ina za a fitar da yara?

ME YA SA YA KE KOMOWA?

Dalili na fari lissafi ne kurum. Kaya kullum su ke shigowa gida, amma sau biyu a shekara su ke fita. A ce abu ɗaya tak ya ke shigowa kowace rana ya zauna, leda ko gwangwani ko kwalba. Cikin wata 6 an tara 180. Babban gyara ya kwashe waɗanda ke ciki, amma bai taɓa ƙofar da suka shigo ba.

Na biyu, kaya da yawa ba su da mazauni. Ludayi yana da wurinsa, shi ya sa ba ya ɓata. Amma abin da ba a yanka masa wuri ba, sai a ce, "Ajiye nan tukuna." Tukuna ɗin nan ita ce uwar tarkace. Da an aza abu ɗaya a kan akwati, gobe wani ya zo ya aza nasa, don ya ga wurin ya riga ya zama na ajiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Na uku, mun taso da jin ajiya maganin wata rana. Wannan magana gaskiya ce, ba na kuwa raina ta. Wanda ya san zafin nema ba ya yar da abu da garaje, kuma mai gyara tsohon abu ya ci gaba da aiki da shi ya fi mai almubazzaranci. Amma a duba da kyau. Ajiya ita ce abin da ka san inda ya ke, ka san ranar da za ka bukace shi, in ka ɗauko kuma ka same shi lafiya. Buhun da gara ta cinye ba ajiya ba ne. Kwano 10 masu huji ba su riƙe ruwan da mai kyau ɗaya zai riƙe.

Na huɗu, akwai kayan da zuciya ta ke riƙe da su: kayan ɗakin da iyaye suka yi wa mace, rigar mahaifin da ya rasu, kwanon kaka. Rabuwa da irin waɗannan da wuya, ba kuwa wanda ya ce a rabu da su duka.

Na biyar, sau da yawa aikin a kan mutum ɗaya ya ke. Mutum 10 suna zubarwa, mace ɗaya tana kwashewa. Ran da ta haihu, ko ta kwanta ciwo, ko damina ta kama kowa ya koma gona, sai aikin ya tsaya, tarkace kuwa ba ya tsayawa.

Kada ka ga kamar gidanka kaɗai abin ya ke samu. Har ƙasashe ya kan samu. Ƙasar Barazil ta yi shekaru tana yaƙi da sauron nan mai zanen fari. Ma'aikata suka riƙa bi gida gida suna duba randuna da tuluna, suna kawar da duk abin da ke tara ruwa, suna fesa magani. A 1958 aka tabbatar babu shi a ƙasar. Da aka ga an ci nasara sai aka sassauta. A 1967 ya komo. Aka sāke tashi, aka kawar da shi a 1973. A 1976 ya kuma komowa, har yau kuwa yana nan. Mu ma nan gida, a 1984 gwamnatin soja ta fara Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a ƙarƙashinsa aka matsa wa jama'a a kan tsabtar gari, daga nan aka saba da ware safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata don shara. Wanda ya ga zamanin ya san garuruwa sun yi kyau, ya kuma san yadda juji ya komo da aka daina matsawa. Tsabtar da aka yi don tsoron hukuma ko don idon baƙi, da mai kallo ya juya baya ta kan tafi.

YADDA ZA A FARA

Kada a ce za a gama gida duka a rana ɗaya. A zaɓi wuri ɗaya, a gama shi, gobe a kama wani. A fara da inda a ke ajiye abinci, sa'an nan inda yara su ke kwana, sa'an nan bayan ɗaki.

A yi aikin da rana, ƙofa da taga a buɗe, yara suna nesa. A sa takalmi, a ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba, a fara motsa kayan da sanda. In an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe, don ƙurar za ta tashi a shaƙa. A yayyafa ruwa tukuna, in da hali mai sabulu ko bilic, sa'an nan a kwashe. Mushen ɓera kada a taɓa shi da hannu, a ɗauka da leda ko shebur a binne. In an gama a wanke hannu da sabulu.

A kasa kayan kashi uku: na aiki, na bayarwa ko sayarwa, da na zubarwa. In an rasa inda za a sa abu, a tambayi kai, damina ta wuce, rani ya wuce, an taɓa shi? In shekara ta zagayo ba a neme shi ba, ba na aiki ba ne. Abin da aka ce za a gyara, a sa masa rana, a ce zuwa kasuwa mai zuwa. In ranar ta wuce ba a kai wa mai gyara ba, ya koma kashi na biyu.

Kashi na biyu da na uku lalle su bar gidan a ranar, in sun kwana za su koma ciki ɗaya ɗaya. Tsohon ƙarfe da dalma da roba akwai masu saye, 'yan gwangwan suna yawo har ƙauyuka, maƙera ma suna so. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan akwai mabukata. Abin da zai ruɓe a kai shi ramin taki. Tayar da za a bari a huda ta ko a cika ta da ƙasa. Tulu da kwano da ba a aiki da su a kife. Ragowar magani a kawo wa malamin asibiti, kada a ajiye don wani ciwon. Galan ɗin maganin feshi kuwa, ko an wanke shi kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki, a huda shi, a tambayi malamin gona yadda za a yi da shi.

Kayan tunawa da iyaye a zaɓi kaɗan waɗanda suka fi soyuwa, a wanke, a sa a akwati ɗaya mai marfi. Sauran a ba dangi ko mabukata. Rigar da wani ya ke sawa yana sa albarka ta fi wadda asu ya ke ci a ƙarƙashin gado. Kuma kowa ya taɓa nasa kayan kaɗai. Maigida kada ka zubar da na uwargida ba da saninta ba, ke ma haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

YADDA ZA A HANA SHI KOMOWA

Nan ne ainihin aikin ya ke, ba shi da wuya kuwa, naci kurum ya ke so.

Tsintsiya ita ce ma'auninka. Duk inda tsintsiya ba ta iya shiga a ɗakinka, nan ne gidan ɓera. Saboda haka a ɗaga buhuna da akwatuna daga ƙasa, a aza su bisa benci ko katako, a kuma janye su daga bango kamar taƙi ɗaya, yadda tsintsiya za ta wuce ta ƙasa da ta baya. Hatsi da gari a zuba su a abin da ke da marfi. Itace da kara a tara su nesa da ɗakin kwana. Ramukan ɓera a toshe.

Kowane abu a yanka masa wuri, kowa a gidan ya san wurin. In sabo ya shigo, tsoho ya fita: an sayi sabon bokiti, fasasshen ya tafi ran nan.

Kullum a yi ɗan zagaye, wanda bai fi tsawon dafa shayi ba. A haɗa shi da wani abin da a ke yi kullum don kada a manta. Tun da ya ke da yawa ba su son shara da dare, a yi kafin magariba, sa'ad da a ke shigar da kaji da awaki. A mai da komai wurinsa, a rufe abinci, a wanke kwanuka, a fitar da shara.

Sau ɗaya a mako kuma a yi zagayen ruwa. Ka tuna mun ce sauro kwana 7 zuwa 10 ya ke bukata. In kowane mako ana zubar da ruwan da ya kwanta, ba zai kai ga tashi ba. In kuwa sai ƙarshen wata, an ba shi lokacin yin zuriya uku. A zaɓi ranar da ba a mantawa, Jumma'a ko ranar kasuwa. A zaga gida ciki da baya, a kife duk abin da ya tara ruwa. Randa da kaskon kaji a juye, a goge cikinsu da soso, don ƙwayayen suna manne a jiki, zubar da ruwa kaɗai ba ya fitar da su. Sa'an nan a rufe randa.

A raba aikin. Zaure da bayan gida da kayan gona na maigida ne da samari. Yara su tsince gwangwanaye da ledoji, a nuna musu 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ruwa, ba za su manta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi magana da maƙwabta kuma, don ɓera da sauro ba su san katanga ba.

IN AN KOMA GIDAN JIYA FA?

Za a koma, wannan ba shakka. Wani mako zai zo da rashin lafiya ko rasuwa ko girbi, a yi kwana 10 ba a yi zagaye ba. Abin da ya ke kashe aikin shi ne a ce, "Shi ke nan, mun ɓata, ba za mu iya ba."

A 2009 waɗansu masana a Landan suka bi mutum 96 da ke ƙoƙarin koyon wani sabon hali na kullum, don su ga kwana nawa ya kan ɗauka kafin ya zama jiki. Suka tarar a tsakaice kamar kwana 66 ne, amma wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuwa sai ya kai 254. Suka kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Watau in wata guda ya wuce kana ji har yanzu da ƙyar ka ke yi, ba wani aibu gare ka ba, lokacin ne bai yi ba.

Saboda haka ka san alamun farko: abu ya kwana a kan akwati, igiyar ɗaki ta fara lanƙwasa da tufafi, tsintsiya ta daina shiga wani lungu, an ji motsin ɓera da dare. Da ka ga ɗaya, kada ka jira Salla, kada ka nemi mai laifi. Ka kama wannan lungun kaɗai yau. Tarkacen mako ɗaya aikin ɗan lokaci ne, na wata shida kuwa sai an tara gayya.

WANI LOKACI CIWO NE

Akwai kuma waɗanda abin nasu ya wuce na kowa. Mutum ba ya iya rabuwa da komai, ko tsumma ko ledar banza. In an taɓa sai hankalinsa ya tashi ƙwarai. Kaya su cika ɗaki har a rasa wurin kwanciya ko na girki. Likitocin Amurka sun sa wannan cikin jerin cututtuka a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin nata jerin da ya fara aiki a 2022. A ƙasashen da aka ƙidaya, ya kan sami mutum 2 ko 3 cikin 100. Ya kan fara tun da ƙuruciya, ya riƙa ƙaruwa da shekaru.

A 1947 a birnin Niyok aka sami waɗansu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, sun mutu cikin gidansu. Kaya ne suka rufto wa ƙanen sa'ad da ya ke kai wa wansa abinci, wan kuwa makaho ne ba ya iya tashi, yunwa ta kashe shi. Sai da aka yi fiye da mako 2 ana kwasa kafin a ga gawar ƙanen. Abin da aka fitar daga gidan ya fi ton 100. Ba talauci ya sa su ba, masu ilmi ne 'ya'yan likita.

In akwai mai irin wannan a gidanku, kada a yi masa dariya, kada a ce hauka ne ko aikin asiri. Kada kuma a jira ya fita a kwashe kayansa. An sha gwada haka, abin da ya kan biyo baya shi ne baƙin ciki da gaba, ɗakin kuma ya sāke cika. A lallashe shi a fara da abin da ya shafi rai: hanyar ƙofa a buɗe, wuta nesa da kaya, abinci a rufe. Haka kuma in mai tsabta ya saki gida farat ɗaya, bayan rasuwa ko haihuwa, ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya son magana, ko kuwa tsoho ya fara mantuwa yana tara abin da ba shi da kai, a kawo shi ɗakin magani. Malamin asibiti zai duba shi, in ya ga ya kamata ya tura shi wurin likitan da ya san wannan fanni.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Tarkace gidan ɓera ne da sauro da maciji.
2. A gyara wuri ɗaya a rana, abin da za a fitar ya fita a ranar.
3. Kada a share kashin ɓera a bushe.
4. Inda tsintsiya ba ta shiga, a buɗe mata hanya.
5. Ɗan zagaye kullum kafin magariba, zagayen ruwa sau ɗaya a mako.
6. In an tsallake, a ci gaba daga inda aka tsaya, ba zargi.
7. Zazzaɓin da bai ji magani ba a koma asibiti da wuri.

To jama'a, in ka koma gida yau, kafin ka zauna ka leƙa ƙarƙashin gado, ka fitar da abu uku da ka san ba za ka ƙara aiki da su ba. Gobe ka fitar da uku. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.